Abin da Ke Tsakanin Ɗigo da Ɗigo

Zanen layuka hanya ce ta nuna yadda adadi ke sauyawa da tafiyar lokaci. A gindin zanen ana jera lokuta daga hagu zuwa dama, kwanaki ko watanni ko shekaru, a gefe kuma a tsayar da ma'aunin adadin daga ƙasa zuwa sama. Duk awon da aka yi sai a sa masa ɗigo a inda lokacinsa da adadinsa suka haɗu, sannan a ja layi ya bi ɗigogin. Idan abubuwan da ake bibiya sun wuce ɗaya, kowanne ya sami nasa layi da nasa launi a fili guda. Ƙananan manhajojin rumbun bayanai da ake ɗorawa a kwamfutar ofis, irin su Microsoft Access, wadda ta fito a 1992, da FileMaker Pro, suna fitar da irin wannan zane kai tsaye daga teburan da ke cikinsu.

Haɗa shi ba ya ɗaukar lokaci. A ce magatakardan wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi yana rubuta farashi mako-mako. Teburinsa na da gurabe uku: ranar kasuwa, irin hatsin, da kuɗin buhu. Kowane sahu labari ɗaya yake bayarwa, cewa ran kaza buhun gero ya kai kaza. Idan ya buɗe rahoto a Access ya saka zanen layi, manhajar za ta nemi ya faɗa mata abin da za a jera a gindi, sai ya ba ta ranar kasuwa. Ta nemi abin da zai raba layuka, ya ba ta irin hatsi. Ta nemi adadin da za a auna, ya ba ta kuɗin buhu. Nan take gero da dawa da masara kowanne ya fito da layinsa. Wasu sukan fara da rubuta tambayar da ke juya tebur, mai umarnin TRANSFORM da PIVOT, wadda ke mayar da kowane irin hatsi gurbi mai zaman kansa, kowane mako kuma sahu ɗaya, sannan su ɗora zanen a kanta.

Sai dai duk wanda ya koma ya duba teburin ba zai ga layi a ciki ba. Edgar Codd, masanin kamfanin IBM da ya shimfiɗa tsarin irin waɗannan rumbuna a 1970, ya ma sharɗanta cewa sahun tebur ba su da na gaba da na baya. Tarin labarai ne, kowanne tsaye da ƙafarsa. Jerantawa, da haɗa ɗigo da ɗigo, da ajiye layi kusa da layi, duk ƙari ne da ya shigo a lokacin zane. Tambayar falsafa daga nan take tasowa: wannan ƙarin, sani ne ko zato? Idan zato ne, wane irin zato ne ya halatta a nuna wa mutane da kamannin sani?

Zanen ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A wani rubutun hannu na Latin na wajen ƙarni na 10 ko na 11, da ke ajiye a birnin Munik na Jamus, akwai zane mai layuka da ke nuna kai-kawon rana da wata da taurari biyar a sararin sama. Wanda ya mayar da shi kayan aikin tattalin arziki shi ne William Playfair, mutumin Sikotilan, a littafinsa na 1786 kan cinikin Ingila da ƙasashen waje. A zanensa na ciniki da Denmak da Norwe daga 1700 zuwa 1780 ya ja layin kayan da ke shiga da na kayan da ke fita, ya shafa launi a tazarar da ke tsakaninsu, ya rubuta a kai ɓangaren da Ingila ke da rinjaye da wanda take ƙasa. Da ya zo kan Sikotilan, alƙaluman shekara ɗaya kawai ya samu, don haka bai ja layi ba, ya jera sanduna. Ya gane cewa layi magana ce a kan lokaci, kuma inda babu jerin lokuta babu abin da layi zai faɗa.

Magana ta farko da layi ke yi ita ce akwai hanya tsakanin awo biyu, kuma abin ya bi ta. An auna farashi ran Litinin, an sake aunawa Litinin ta gaba. Layin da ya haɗa su yana nuna wani adadi a ran Alhamis, alhali babu wanda ya je kasuwa ran Alhamis. Masana falsafa sun daɗe suna kokawa da wannan tsakanin. Zeno, Bagirke na ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya ce kibiyar da aka harba a kowane ƙiftawa tana wuri ɗaya ne, to a ina motsin yake? Malaman ilimin kalam sun gaji tambayar. Annazzam na Basra, ɗan Mu'utazila a ƙarni na 9, ya ƙi yarda cewa akwai ƙwayar da ba ta rabuwa, sai abokan muhawararsa suka tambaye shi yadda mai tafiya zai ƙetare tazara mai sassa marasa iyaka. Ya amsa da cewa tsalle yake yi, yana barin wuri ya bayyana a wani ba tare da ya ratsa duk abin da ke tsakani ba. Ash'ariyya, irin su Alƙali Baƙillani da ya rasu a 1013, sun ɗauki wata hanya: jiki ƙwayoyi ne marasa rabuwa, sifofin da ke kansu kamar launi da zafi da motsi ba sa wanzuwa lokaci biyu, Allah ne ke sabunta su daga lokaci zuwa lokaci. A wannan mahanga duniya ta fi kama da tebur fiye da layi. Kowane lokaci sahu ne da aka rubuta sabo, ci gaban da ido ke gani kuwa daga dawwamar al'adar Mahalicci yake.

Mai zane ba ya bukatar yanke hukunci tsakanin Annazzam da Baƙillani kafin ya yi aikinsa, amma muhawarar tana koya masa ya tambayi kansa wane irin abu yake aunawa. Zafin rana da zurfin ruwa a madatsa a hankali suke hawa da sauka. Idan ma'auni ya nuna digiri 30 da safe da 40 da azahar, hankali na karɓar cewa ya ratsa ta 35. Wasu abubuwan kuwa tsalle suke yi na gaske. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya zama naira 30,000 a 2019, ya koma naira 70,000 a 2024. Miƙaƙƙen layi tsakanin ɗigon biyu zai nuna naira 46,000 a 2021 da naira 54,000 a 2022, adadin da babu dokar da ta taɓa ambata, kuma zai ɓoye ainihin abin da ma'aikaci ya gani, wato shekara biyar albashi na tsaye cik kayan masarufi na tashi. Akwai kuma abubuwan da ba su da tsakani ko kaɗan. Yawan buhunan da aka sayar a kasuwar da ke ci mako-mako ba shi da wani adadi a ranar da kasuwa ba ta ci ba.

Ga irin albashi akwai zanen da ya fi gaskiya, layi mai hawa kamar matakala, wanda ke tafiya a kwance har sai sabon adadi ya zo sannan ya miƙe tsaye. Malaman usulul fiƙihu sun san ƙa'idar da ke ƙarƙashinsa da sunan istishabi: abu yana nan a yadda aka san shi har sai hujja ta zo cewa ya sauya. Sun kuma san iyakarta. Mutumin da ya ɓace ba a ji ɗuriyarsa ba ana ɗaukarsa da rai, ba a raba dukiyarsa. Amma Hanafiyya sun ce wannan ɗauka tana kare abin da yake da shi ne kawai, ba ta isa ta tabbatar masa da sabon hakki ba, Malikiyya kuma sun sa wa jiran matarsa wa'adin shekara huɗu bayan ta kai ƙara gaban alƙali. Ke nan zaton ci gaba yana da ƙarfi, amma ƙarfin na raguwa da tsawon shiru. Layin da ya haɗa awo biyu masu tazarar mako ɗaya da wanda ya haɗa masu tazarar shekara uku kaurinsu ɗaya a takarda, nauyinsu a matsayin hujja kuwa ya bambanta ƙwarai.

Matsalar ta fi fitowa fili idan layuka suka yi yawa, domin da wuya dukkansu su sami awo a rana ɗaya. A makon da masara ba ta shigo kasuwa ba, ko magatakarda bai sami farashinta ba, tambayar da ke juya tebur za ta bar gurbin masara fanko. Rumbun bayanai na da alama ta musamman don wannan, NULL, wadda ba sifili ba ce, kuma idan aka tambayi manhajar ko NULL ya yi daidai da wani NULL ba za ta ce e ko a'a ba. Codd daga baya ya ga cewa alama ɗaya ba ta wadatar ba, ya ba da shawarar a raba abin da yake akwai amma ba a san shi ba da abin da tambayar ma ba ta shafe shi ba. Mai zane yana iya barin layin ya yanke a wurin, ko ya tsallake giɓin ya haɗa, ko ya cike shi da sifili, abin da umarnin Nz ke yi a Access cikin sauƙi. Na ƙarshen nan ya fi kowanne haɗari, ga shi kuma yakan ja hankali saboda yana kawar da giɓin da ke ɓata kyan rahoto. Idan farashi ya kasance 100, sai giɓi, sai 120, matsakaicinsa 110 ne muddin aka bar giɓin yadda yake. Da an sa sifili sai ya faɗo zuwa 73, layin kuma ya nutse ƙasa kamar an raba masara kyauta a makon. Rashin sanin abu daban, sanin cewa babu shi daban. An san Imam Malik da yawan amsa tambayoyi da cewa bai sani ba, ɗalibansa kuma suka riƙe wannan a matsayin wani ɓangare na iliminsa. Layin da ya yanke a inda awo ya yanke yana bin wannan tafarki.

Magana ta biyu ita ce kowane layi abu ɗaya ne daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Manhaja sunan da ke gurbi kawai take gani. Idan aka yi kuskuren harafi wajen rubuta masara, za ta ƙirƙiri hatsi na huɗu. Wannan da sauƙin gyara. Mai wuyar shi ne sunan da ya zauna alhali mai sunan ya canja. Layin da aka kira Kano a zanen yawan makarantu ko gonaki daga 1980 zuwa 2000 zai faɗi warwas a 1991, ba tare da an rufe makaranta ko ɗaya ba, saboda a shekarar aka cire Jigawa daga jihar. Haka Kaduna a 1987 da aka fitar da Katsina. Bayan wannan, ɗigo ɗaya sau da yawa dunƙulen sahu da yawa ne. Idan dillalai biyar suka ba da farashin gero a rana ɗaya, dole manhajar ta mayar da su adadi guda, kuma Access takan tara su ne idan ba a umarce ta da ɗaukar matsakaici ba, sai a ga buhu ya ninka biyar. Ko matsakaicin ma ba farashin da wani ya biya ba ne. A tebur akwai buhun wane da buhun wane. Gero a dunƙule, mai farashi ɗaya, a cikin tunani yake, kamar yadda Ibn Taimiyya da William na Ockham, kowanne a nasa ɓangaren, suka faɗa game da gamammun ma'anoni. Dunƙulewa na iya juya labari gaba ɗaya. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1973, an ɗauki kusan kashi 44 cikin 100 na maza masu neman karatun gaba da digiri, mata kuwa kusan kashi 35. Da aka duba sashe-sashe sai tazarar ta ɓace a yawancinsu. Mata sun fi neman sassan da ke ɗaukar mutane kaɗan ne.

Magana ta uku ta fi sauran nauyi, kuma babu inda ake rubuta ta. Ajiye layuka biyu a fili ɗaya gayyata ce ga ido ya ƙulla alaƙa. Idan suka hau tare ko suka sauka tare, zuciya ta riga ta ce ɗaya ne ya ja ɗaya kafin hankali ya yi magana. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsaya a kan wannan a mas'ala ta 17 ta Tahafutul Falasifa. Misalinsa wuta da auduga ne. Abin da ido ya gani shi ne ƙuna ta faru a lokacin da wuta ta taɓa auduga; bai ga cewa wutar ce ta wajabta ƙunar ba. Faruwa tare da abu ba ta nuna faruwa saboda shi. Ibn Rushdi, da ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani a Tahafutut Tahafut cewa wanda ya kore sabubba ya kore ilimi, domin sanin abu shi ne sanin abin da ke haifar da shi da abin da yake haifarwa. David Hume a ƙarni na 18 ya iso kusa da matsayin Gazali ta wata ƙofa: abin da muke da shi haɗuwa ce mai maimaituwa, da sabon da ta bar wa zuciya.

Ɗaliban tauhidi a zaurukan ƙasar Hausa sun san wannan bahasi ta hanyar Shehu Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahina, wanda ya rasu a 1490. A rubuce-rubucensa hukunci kashi uku ne, na shari'a da na hankali da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne ƙulla abu da abu saboda an ga suna maimaituwa tare, tare da yarda cewa saɓani na iya faruwa. Ya kasa shi gida huɗu: samuwa da samuwa kamar ƙoshi da cin abinci, rashi da rashi, samuwa da rashi kamar yunwa da rashin ci, da rashi da samuwa. Duk wanda ya saba kallon layuka zai gane su: biyu na hawa tare, biyu na sauka tare, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Iyakar abin da zanen layuka zai iya kaiwa shi ne hukuncin al'ada, kuma wannan ba ƙaramin matsayi ba ne, domin a kansa noma da magani da kasuwanci suke tafiya.

Abin lura shi ne layuka da yawa ba sa kaiwa ko wannan matsayin. A 1925 masanin ƙididdiga Udny Yule ya gabatar wa ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan layuka biyu na shekarun 1866 zuwa 1911: kason auren da ake ɗaurawa a Cocin Ingila, da yawan mace-mace a cikin kowane mutum dubu. Dukkansu sun yi ta sauka, dacewarsu ta kai 0.95 a ma'aunin da ƙarshensa 1. Babu mai hankalin da zai ce barin ɗaurin aure a coci ne ya tsawaita rayuwar mutane, kuma Yule ya kawo misalin ne don ya nuna hakan. Sharaɗin Sanusi na maimaituwa shi ke warware ruɗanin. Wuta ta ƙona auduga sau ba adadi, a wurare daban-daban, an kusanto da ita an ga ƙuna, an janye an ga babu. Layukan Yule kuwa, duk da ɗigo 46 da kowanne ke da shi, abu ɗaya suka nuna sau ɗaya: a rabin ƙarnin nan wannan ya ragu, wancan ma ya ragu. Duk wasu abubuwa biyu da ke tafiya da zamani za su yi kama da juna. Shi ya sa masana kan kwatanta sauyin shekara zuwa shekara maimakon tsayin layukan, inda hali ya yi kuma su shirya gwaji, kamar yadda Ronald Fisher ya tsara a gonar bincike ta Rothamsted a shekarun 1920, inda ƙuri'a ce ke zaɓar fegin da za a sa wa taki. A nan matsayin Ibn Rushdi ya sami wurin zama: ana iya neman sababi a same shi gwargwadon ikon ɗan Adam, amma da sa hannu a cikin abin, ba da kallon zane kawai ba.

Saura ma'auni. Access da takwarorinta suna ba da damar a sa wa wani layi ma'auninsa daban a gefen dama, abin da ake bukata idan ana kwatanta ruwan sama da farashi. Da ma'auni biyu mai zane na iya sa kowane layuka biyu su rungumi juna ko su rabu, ta hanyar zaɓen inda kowane ma'auni zai fara da inda zai tsaya, ba tare da ya taɓa adadi ko ɗaya ba. Fara ma'auni daga sama da sifili ba laifi ba ne a kan kansa. Zafin jikin majinyaci tsakanin digiri 36 da 41 yake yawo, kuma wanda ya fara daga sifili ya ɓoye zazzaɓin. Laifin yana cikin auna layin da ake so da ma'auni mai faɗaɗawa, wanda ba a so kuma da mai ƙanƙantawa. Suratul Muɗaffifina ta yi gargaɗi ne ga masu cika mudu idan za su karɓa su tauye idan za su bayar, kuma ma'auni biyu da aka zaɓa da son rai aikinsu ke nan. Ko mai kyakkyawar niyya ma ido na iya saɓa masa. A 1821 Playfair ya zana farashin alkama da albashin mako na ƙwararren ma'aikaci daga 1565, yana son nuna cewa alkama ba ta taɓa araha ga ma'aikaci kamar a zamaninsa ba. Lissafinsa daidai ne idan aka raba farashin da albashin, amma abin da ido ke fara gani a zanen shi ne alkama ta yi tashin gwauron zabo.

Zanen rumbun bayanai ya ƙara wata matsala da Playfair bai sani ba. Shi da hannu ya zana, ya ga kowane layi kafin a buga. Rahoton Access kuwa duk lokacin da aka buɗe shi sai ya sake gudanar da tambayar a kan abin da ke cikin tebur a ranar. Idan wani ya shigar da maiwa a wata mai zuwa, sabon layi zai fito. Idan farashi ɗaya ya yi tsalle, ma'aunin da aka bar wa manhaja zai miƙe, sauran layuka su kwanta. Hoton da shugaban ƙungiya zai riƙe a taro bayan shekara biyu babu mutumin da ya zana shi. Fiƙihu ya raba mai aikata abu da hannunsa da wanda ya zama sanadinsa, ya kuma ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a ko da ba ya nan lokacin da dabba ta faɗa. Wanda ya rubuta tambayar yana wannan matsayi. Shi ya zaɓi tarawa ko matsakaici, shi ya yanke abin da za a yi da giɓi, kuma zaɓin zai ci gaba da aiki a kan alƙaluman da bai taɓa gani ba. Mai karanta rahoton ba ya ganin tambayar. Hanyar da ta rage ta sanar da shi ita ce a bar ɗigogin awo su fito a kan layin yadda zai bambance abin da aka auna da abin da aka cike, a kuma rubuta a ƙasan zanen, a jikin rahoton kansa, yadda aka dunƙule adadin da shekarar da ma'anar wani suna ta canja, domin bayanin ya riƙa fitowa tare da zanen duk lokacin da aka buga shi.